Kitsen jini da bugun zuciya kafin tsufa: me ya sa mazan wasu al'ummomi ke riga wasu? Tambayoyi da amsoshi

Maza biyu za su iya karɓo takardar gwajin jini daga ɗakin gwaji ɗaya, lambobinsu kusan iri ɗaya, amma haɗarin da ke kansu ya sha bamban, saboda ɗaya asalinsa Pakistan ne, ɗaya kuma Afirka ta Yamma. Tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan bambanci suke: inda yake gaskiya, inda aka yi masa ƙarin gishiri, da abin da namiji mai shekara 30 zuwa 55 zai yi a kai. Fara shan magani ko daina shi kuwa, wannan tsakanin mutum ne da likitansa.

Me ake aunawa idan aka ce za a yi gwajin kitsen jini?

Kitse ba ya narkewa a ruwa, jini kuwa galibinsa ruwa ne. Don haka jiki yakan ƙunshe kitsen cikin wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi masu ɓawon furotin, su ke yawo da shi. Waɗanda za ka gani a takarda da sunan LDL su ke kai kolestirol, wani nau'in kitse, sassan jiki, su ne kuma ke maƙalewa a bangon jijiyoyin jini. HDL suna kwaso wani ɓangare su mayar wa hanta. Sai TG, wato kitsen da jiki ke ajiyewa don samun ƙarfi, wanda ke hawa da yawan siga, tuwo da shinkafa fiye da kima, giya, tumbi da ciwon siga.

Ga mai lafiya, ana son jimillar kolestirol ta kasance ƙasa da 5.2 mmol/L, LDL ƙasa da 2.6, TG ƙasa da 1.7. HDL ɗin namiji idan ya gaza 1.0, ya yi ƙasa. Wasu ɗakunan gwaji da mg/dL suke rubutawa, a nan lambobin su ne 200, 100, 150 da 40. Duba ma'aunin kafin hankalinka ya tashi. Wanda ya taɓa samun bugun zuciya kuwa, likita zai nemi LDL ɗinsa ya sauka ƙasa da 1.8, wasu ƙa'idojin ma 1.4 suka ce.

Mafi yawan kolestirol ɗin da ke jininka jikinka ne ya haɗa shi da kansa, musamman hanta. Shi ya sa siririn mutum mai kiyaye abinci zai iya samun lamba mai yawa.

Ta yaya kitse ke zama bugun zuciya?

Sannu a hankali, cikin shekaru masu yawa. Ƙwayoyin LDL na ratsawa cikin bangon jijiya su maƙale, jiki ya turo dakarunsa su haɗiye su, wurin ya kumbura ya zama tudu mai ɓawo. Wata rana ɓawon ya tsage, jini ya daskare a kansa cikin 'yan mintoci, hanyar ta toshe, naman zuciyar da ke bayan wurin ya fara mutuwa. Aikin gara ne a cikin azara: ana kwana a ɗakin shekara da shekaru ba a ga komai ba, sai daren da soro ya rufto.

Abin yana farawa tun ana samari. A 1953 likitocin sojan Amurka sun wallafa abin da suka gani a zukatan sojoji 300 da aka kashe a yaƙin Koriya. Matsakaicin shekarunsu 22, amma kusan kashi 77 cikin 100 sun riga sun fara tara wannan tudu a jijiyoyin zuciya. Ke nan lissafin na yawan LDL ne a ninka da yawan shekarun da ya yi yana yawo a jini.

Shekara nawa ne "da wuri", kuma me ya sa maza?

Likitoci na kiran ciwon na wuri idan ya kama namiji kafin ya kai 55, mace kafin 65. A babban binciken INTERHEART, wanda Farfesa Salim Yusuf na Jami'ar McMaster a Kanada ya jagoranta aka kuma wallafa a 2004, an kwatanta mutum kusan 15,000 da suka samu bugun zuciya na farko da wasu kusan 15,000 da ba su samu ba, a ƙasashe 52. Tsaka-tsakin shekarun maza 56, na mata 65. Sinadarin jikin mace na ba ta wata kariya har zuwa ɗaukewar al'ada. Maza kuma sun fi shan taba, sun fi tara kitse a ciki, sannan (wannan ba sai an yi bincike ba) sun fi ƙin zuwa asibiti.

Binciken ya nuna abubuwa tara ne ke bayanin kusan kashi 90 na haɗarin a maza, a kowace nahiya. Na gaba-gaba biyu su ne lalacewar kitsen jini da taba. Riƙe wannan, domin duk bambancin da za mu ambata a ƙasa a kan wannan tushe ɗaya yake zaune.

Wace al'umma ce ta fi shiga haɗari?

Mutanen Kudancin Asiya: Indiya, Pakistan, Bangaladash, Nepal da Siri Lanka, ko suna gida ko sun yi hijira. A INTERHEART, matsakaicin shekarun bugun zuciya na farko a cikinsu 53 ne, a sauran wurare kusan 59. A yammacin Landan, a unguwannin Southall da Brent, an ɗauki mutane tsakanin 1988 da 1991 aka bi su kimanin shekara 20 a binciken da ake kira SABRE. 'Yan asalin Kudancin Asiya sun fi Turawa kamuwa da ciwon jijiyoyin zuciya da kusan kashi 70 cikin 100.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne LDL ɗinsu sau da yawa bai fi na Bature ba. Matsalar a fasalin take: TG a sama, HDL a ƙasa, ƙwayoyin LDL ƙanana ne amma suna da yawa. Mutum biyu za su iya ɗauke da nauyin kolestirol ɗaya, amma na ɗayan a rarrabe yake cikin ƙwayoyi masu yawan gaske, kowace ƙwaya kuma tana iya shiga bangon jijiya. Akwai gwajin da ke ƙirga ƙwayoyin kai tsaye, sunansa apoB, domin kowace ƙwaya mai cutarwa tana ɗauke da furotin ɗin guda ɗaya tak. A kan wannan sai a ɗora kitsen da ke taruwa a hanta da kewayen hanji ko da mutum bai yi ƙiba ba, da ciwon siga da ke zuwa musu da wuri. Shi ya sa a 2018 ƙa'idojin kolestirol na ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka suka sanya asalin Kudancin Asiya cikin abubuwan da ke ƙara haɗari.

To mu baƙar fata fa? An ce kitsen jininmu ya fi kyau.

A takarda, haka ne. Mazan da asalinsu Afirka ta Yamma ne, ko a Kano suke ko Kingiston ko Shikago, galibi TG ɗinsu ya fi na Turawa ƙasa, HDL kuma ya fi sama. A wancan bincike na Landan, baƙaƙen fata 'yan asalin Karebiyan sun kamu da ciwon jijiyoyin zuciya ƙasa da Turawa da kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai dai shanyewar ɓarin jiki ta fi yawa a cikinsu da kusan rabi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wannan kyakkyawar takarda tana iya yaudara. A jikin Bature ko Ba'indiye, idan jiki ya fara ƙin jin sinadarin insulin, TG kan hau, likita ya gani ya farga. A jikin baƙar fata sau da yawa TG na nan a kwance alhali ciwon siga na ƙofa. Masu bincike a cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka, irin su Dakta Anne Sumner, sun daɗe suna nuna haka. Don haka TG ɗinka na 0.9 bai wanke ka daga gwajin siga ba.

HDL ma haka. A 2022 binciken REGARDS na Amurka ya nuna ƙarancin HDL na hasashen ciwon zuciya a fararen fata, amma bai yi hakan ba a baƙaƙe, kuma yawansa sosai bai ba kowane ɓangare ƙarin kariya ba. LDL kuwa ya yi hasashe a duka biyun. Dama tun 2006 aka dakatar da gwajin wani magani mai suna torcetrapib, wanda ya ɗaga HDL sosai amma mace-mace suka ƙaru. Duk wanda ya ce maka "ai kitsenka mai kyau yana da yawa, ka kwantar da hankali" alhali LDL ɗinka 4.2, bai yi maka adalci ba.

Sannan a Amurka, wannan bincike na REGARDS ya nuna a 2012 cewa baƙaƙen maza sun kusa ninka fararen maza wajen yawan waɗanda ciwon zuciyarsu na farko ya zama ajali. Hawan jini, ciwon siga, taba da ƙarancin samun kulawa sun cinye duk wata riba da TG da HDL suka bayar.

Mene ne Lp(a) da ake ta maganarsa yanzu?

Wata ƙwaya ce mai kama da LDL, amma da ƙarin wani furotin a naɗe a jikinta. Wani likita ɗan ƙasar Norwe, Kåre Berg, ya gano ta a 1963. Yawanta gado ne kusan gaba ɗaya. Abinci da motsa jiki ba su cika taɓa ta ba, kuma ba ta fitowa a gwajin kitse na yau da kullum sai an nema da suna. Kusan mutum 1 cikin 5 a duniya na da ita da yawa, wato sama da 50 mg/dL ko kimanin 125 nmol/L.

A nan ne bambancin al'ummomi ya fi fitowa ƙarara, kuma mu ne a sama. A rumbun bayanan UK Biobank na Birtaniya, tsaka-tsakin Lp(a) a 'yan asalin Sin 16 nmol/L ne, fararen fata 19, 'yan Kudancin Asiya 31, baƙaƙen fata 75. Kuma a kowane rukuni, gwargwadon hawanta gwargwadon ƙaruwar haɗari. Ƙa'idojin Turai na 2019 sun ba da shawarar kowane baligi ya auna ta sau ɗaya a rayuwa. Wanda ya tarar tasa ta yi yawa, aikinsa shi ne ya matse duk sauran abubuwan da ke hannunsa: LDL, hawan jini, taba, siga. 'Yan'uwansa na jini ma su auna.

Ni dai ban cika jin wani ya mutu da toshewar jijiyar zuciya a garinmu ba. Ba ciwon Turawa ba ne?

Gaskiya ne cewa a asibitocin Afirka kudu da Sahara, abin da ya fi kawo gazawar zuciya hawan jini ne, toshewar jijiya na baya. Amma "na baya" daban, "babu" daban. Rajistar RACE-Nigeria, wadda Farfesa Simeon Isezuo na Sakkwato ya jagoranta, ta tattara sama da mutum 1,000 da aka kwantar da wannan ciwo a asibitocin Najeriya daga 2013 zuwa 2018. Kashi biyu cikin uku maza ne, matsakaicin shekaru kusan 59. Waɗannan su ne suka kai asibitin da ke da na'urar gane ciwon. Wanda ya yi sallar isha'i lafiya aka wayi gari ana jana'izarsa, ba ya shiga kowane lissafi.

Kuma kitsen jini ba zuciya kaɗai yake taɓawa ba. Binciken SIREN kan shanyewar ɓarin jiki a Najeriya da Gana, wanda Kano da Zariya na cikin cibiyoyinsa, ya nuna a 2018 cewa hawan jini ne kan gaba da tazara mai nisa, lalacewar kitsen jini na biye da shi.

Wannan bambanci a jini yake ko a zaman rayuwa?

Duka biyun, amma zaman rayuwa ya fi saurin juya lissafi. Misalai uku.

Daga 1965 aka fara bibiyar mazan Japan a wurare uku: waɗanda ke gida a Hiroshima da Nagasaki, waɗanda ke Honolulu a Hawai, da waɗanda ke yankin San Faransisko. Asali ɗaya ne. Amma kolestirol da ciwon zuciya sun fi ƙasa a Japan, suka hau a Hawai, suka fi hawa a Kalifoniya.

A gabashin Finlan, lardin Kareliya ta Arewa, mazan da ke aikin ƙarfi a daji da gonaki suna cikin waɗanda suka fi mutuwa da bugun zuciya a duniya a ƙarshen shekarun 1960. Ba ƙiba gare su ba, ba zaman banza suke ba. Man shanu, madara mai maiƙo, gishiri da taba ne. A 1972 aka ƙaddamar da shiri ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska. Aka shiga ƙauyuka, aka ja ƙungiyoyin matan gida a jiki, aka sauya man girki. Cikin kimanin shekara 40 mace-macen ciwon zuciya a mazan da ke shekarun aiki suka ragu da fiye da kashi 80. Ƙwayoyin gadonsu na nan yadda suke.

Na ukun ya fi kusa da mu. Binciken RODAM ya kwatanta 'yan Gana a ƙauye, a birni, da waɗanda ke Amstadam, Balin da Landan. Ƙiba mai yawa a maza ta tashi daga kusan kashi 1 a ƙauyukan Gana zuwa sama da kashi 20 a Landan. Ciwon siga ya tashi daga ƙasa da kashi 4 a ƙauye zuwa kimanin 10 a biranen Gana kansu. Ba sai mutum ya hau jirgi ba ke nan. Barin gona zuwa zaman shago, da mota da lemon kwalba, ya isa hijira.

Fulanin daji na shan nono da man shanu kullum, ga su garau. Wannan bai rushe maganar ba?

An bincika. A 2001 Robert Glew da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka samu a Fulani makiyaya na tsaunukan Jos. Kusan rabin ƙarfin abincinsu daga maiƙo yake, rabin maiƙon kuma irin mai daskarewa ne, amma kitsen jininsu lafiya lau. Sai dai masu binciken sun nuna sauran labarin: jimillar abin da suke ci kaɗan ne, ba su da ƙiba, yini suke a ƙafa. Attajirin da ke zuba man shanu a tuwo ya bi da lemo, sannan direba ya kai shi masallacin da ke bayan layi, ba zai ari sakamakon makiyayi ba.

Masai na gabashin Afirka ma an daɗe ana kafa hujja da su. Amma George Mann, wanda ya fi kowa yayata lafiyarsu, da ya duba zukatan mazansu 50 a 1972 ya tarar da tudun kitse sosai a jijiyoyin. Abin da ya cece su shi ne jijiyoyin sun faɗaɗa.

Akwai wani abu a jinin 'yan Afirka da ke ba da kariya ta gaske?

Akwai, ga 'yan kaɗan, kuma labarin ya canza fannin magani. A Dalas, Helen Hobbs da Jonathan Cohen suka gano cewa wasu baƙaƙen Amurka na ɗauke da sauyin da ke kashe aikin wata ƙwayar gado mai suna PCSK9. Aikin wannan ƙwaya shi ne rage ƙofofin da hanta ke zuƙe LDL da su daga jini. Idan ta raunana, ƙofofin sai su yawaita. A rahotonsu na 2006, kimanin kashi 2.6 na baƙaƙen da aka bincika na da sauyin. LDL ɗinsu ya gaza na sauran da kashi 28, amma ciwon jijiyoyin zuciya ya ragu da kashi 88 cikin shekara 15.

Kwatanta da magani: a gwaje-gwajen da kan ɗauki kimanin shekara biyar, duk saukar LDL da 1 mmol/L na rage haɗari da kusan kashi 22. Saukar kusan ɗaya ce, amma ribar ta ninka sau huɗu, saboda su waɗancan tun daga haihuwa suke cin moriya. A ganina babu hujjar da ta fi wannan ƙarfi kan cewa shekara 35 ce lokacin kula da LDL, ba 60 ba. Daga wannan bincike aka samar da allurai masu toshe PCSK9, aka amince da su a 2015.

Mahaifina ya rasu farat ɗaya yana ɗan 48, yayana ma an yi masa aikin zuciya. Me zan nema?

Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba yayanka lafiya. Wannan tarihi ya fi sunan ƙabilarka muhimmanci nesa ba kusa ba. Ka nemi gwajin kitse yanzu, har da Lp(a) idan da hali, ka kuma gaya wa likita shekarun da abin ya same su.

Abin da ake tsoro shi ne hawan kolestirol na gado, wanda ke samun kusan mutum 1 cikin 250 zuwa 300. Ƙofofin hanta ne ke da naƙasa tun haihuwa. Michael Brown da Joseph Goldstein sun samu kyautar Nobel a 1985 saboda gano waɗannan ƙofofi. LDL na 4.9 mmol/L zuwa sama a baligi alama ce. Haka kumburi mai tauri a agarar dunduniya ko bayan yatsun hannu, ko farin zobe kewaye da baƙin ido kafin shekara 45. Idan ba a yi magani ba, kusan rabin mazan da ke da shi kan samu ciwon zuciya zuwa shekara 50. Kowane ɗa ko 'ya na da damar rabi-da-rabi ta gada, don haka yara ma a gwada su.

Ya fi yawa a al'ummomin da suka tsiro daga 'yan tsirarun kakanni suka yi ta aure a tsakaninsu: Afirkana fararen fata na Afirka ta Kudu, inda yake kai kusan 1 cikin 100 ko fiye, Faransawan Kubek a Kanada, da Kiristocin Labanan. Darasin ga masu auren zumunci a fili yake. Idan miji da mata duka suna ɗauke da shi, kowane ciki na da damar ɗaya cikin huɗu ta gado daga ɓangare biyu, kuma irin wannan yaro kan iya samun bugun zuciya kafin ya kai 20. Yadda aka karɓi gwajin sikila kafin aure, dangin da maza ke mutuwa da wuri a cikinsu ya kamata su ƙara da wannan.

Ba ni da ƙiba. Ina ruwana da wannan?

Ɗauko awon tela. Zagayen cikinka, daidai wajen cibiya, kada ya kai rabin tsawonka. Hukumar NICE ta Birtaniya ta sauko da iyakar ma'aunin da ke auna nauyi da tsawo, wato BMI, ga 'yan Asiya, Larabawa da baƙaƙen fata: 23 nauyi ya fara yawa, 27.5 ƙiba ce, maimakon 25 da 30 na Turawa. Babbar riga na ɓoye abubuwa da yawa.

Maigidana aka ce kolestirol ɗinsa ya hau. Da wane mai zan riƙa girki?

Hajiya, fara da sanin cewa rubutun "babu kolestirol" a jarkar mai ba ya nufin komai, domin duk man da ya fito daga tsiro ba shi da kolestirol. Abin dubawa shi ne yawan maiƙo mai daskarewa, wanda ke sa hanta rage zuƙe LDL. Man shanu kusan kashi biyu cikin uku ne, manja kusan rabi, man gyaɗa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, man waken soya ƙasa da haka. Ki mayar da man gyaɗa ko na soya na yau da kullum, manja da man shanu su zama na ɗanɗano. Ki daina maimaita man suya har ya yi baƙi. Najeriya ta fitar da dokar NAFDAC a 2023 da ta taƙaita gurɓataccen maiƙon masana'anta zuwa giram 2 cikin kowane giram 100 na mai, amma kayan gashi da soye-soyen da ba a san da me aka yi su ba sai da lura.

Wake, kuɓewa, gero da dawa da ba a surfe su fes ba, ganye, gyaɗa 'yar kaɗan da kifi mai maiƙo duk suna taimakawa. Tsire da balangu a zaɓi tsoka, a bar kitsen da mai nama ke ɗorawa a matsayin gyara. Idan TG ne ya hau, ki dubi sigan shayi, madarar gwangwani da lemo kafin ki zargi nama. Kuma ki sani, idan na gado ne, girki kaɗai ba zai sauko da shi inda ake so ba, kuma ba laifinki ba ne.

Maganin rage kolestirol na aiki iri ɗaya a kowace al'umma?

Rukunin magungunan statin, waɗanda Akira Endo na Japan ya gano na farkonsu a shekarun 1970, suna rage LDL da haɗari a duk al'ummomin da aka gwada. A gwajin 4S na 1994, kan masu ciwon zuciya 4,444 a ƙasashen Sikandinebiya, mace-mace sun ragu da kashi 30. Bambancin a adadin da ake sha yake. Rosuvastatin, ɗaya daga cikinsu, kan taru a jinin 'yan Asiya kusan ninki biyu, don haka ake fara musu da 5 mg. Baƙaƙen maza kuma, sinadarin tsoka da ake aunawa da sunan CK yakan fi na Turawa yawa ko ba sa shan komai, kada a gan shi a ɗan sama a yi saurin ɗora wa magani laifi.

Ciwon jiki shi ne ƙorafin da ya fi yawa. A gwajin SAMSON na Landan a 2020, mutanen da suka daina statin saboda illa aka riƙa ba su wata na magani, wata na ƙwayar da ba komai a ciki, ba tare da sun sani ba. Kusan kashi 90 na ciwon da suka ji da maganin sun ji shi da ƙwayar banza. Illa ta gaske na faruwa, musamman idan an haɗa statin mai suna simvastatin da maganin kashe ƙwayoyin cuta clarithromycin ko wasu magungunan HIV, don haka ka nuna wa likita duk abin da kake sha. Mai azumi zai iya shan nasa da dare.

Manhajojin intanet masu lissafa wa mutum haɗarin ciwon zuciya fa?

Kowace an gina ta ne a kan wasu mutane. Ta Amurka ta 2013 ta raba baƙi da fari, kuma tana nuna haɗarin 'yan Kudancin Asiya ƙasa da yadda yake a gaskiya. Sabuwar ta 2023, PREVENT, ta cire launin fata gaba ɗaya. QRISK ta Birtaniya tana tambayar asali. Dukansu shekaru ne ke rinjayar lissafin, shi ya sa ɗan 38 mai LDL 4.5 zai ga lamba ƙarama ya ɗauka ya tsira, alhali galibi shekara goma kaɗai aka hango masa.

Samarin da ke faɗuwa a filin ƙwallo, shi ma kitse ne?

Galibi a'a. Marc-Vivien Foé na Kamaru, da ya faɗi a Liyon a 2003 yana ɗan 28, kaurin naman zuciya ne ya kashe shi. Bayan shekara 35 ne toshewar jijiya ke zama babban sanadi. Amma masu ɗaga ƙarfe da ke yin allurar gina tsoka su sani tana rusa HDL ta ɗaga LDL.

An ce raunin mazakuta na da alaƙa da zuciya?

Yana da ita, kuma alama ce da maza ke ɓoyewa. Jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya siranta, don haka lalacewa kan fara bayyana a can, sau da yawa shekara 2 zuwa 5 kafin ciwon ƙirji. Ɗan 45 da abin ya fara samu, awon jini, siga da kitse yake buƙata kafin ya tsaya wajen mai lasifika a bakin kasuwa. An sha kama magungunan ƙarfin maza da ake cewa na gargajiya ne da sildenafil, maganin raunin mazakuta na asibiti, a ɓoye a ciki, shi kuma idan ya haɗu da maganin ciwon ƙirji na rukunin nitrate, jini kan faɗi ƙasa warwas.

Yaushe zan fara gwaji, kuma sai na yi azumi?

Sau ɗaya a shekarun 20 don sanin inda ka tsaya, sannan duk bayan shekara huɗu zuwa shida idan komai daidai ne. Mai hawan jini, ciwon siga, ciwon ƙoda, HIV, mai shan taba ko shisha, ko mai tarihin dangi, zai fi haka yawaitawa. Yawanci ba sai da azumi ba. Idan TG ya wuce 4.5 ne ake maimaitawa da yunwa, domin lissafin da ake fitar da LDL da shi ba ya aiki a nan. Ka haɗa da awon hawan jini da siga a rana ɗaya. Idan kana da sikila ko ƙarancin jini, faɗa wa likita, domin gwajin siga na HbA1c kan iya ba da lamba marar inganci.

Ta yaya zan bambance bugun zuciya da olsa?

A gida ba za ka iya ba, kuma nan ne ake asarar awannin da suka fi tsada. Nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji ko saman ciki da ya wuce minti 15, yana tafiya hannu, wuya ko muƙamuƙi, tare da zufa mai sanyi, tashin zuciya ko sarƙewar numfashi, a ɗauke shi bugun zuciya ne har sai gwaji ya ce ba shi ba ne. Mai ciwon siga ma zai iya jin kasala da haki kawai, ba ciwo. Kada ka tuƙa kanka, kada a tsaya kemis. A nufi asibitin da ke da na'urar awon zuciya ta ECG, a nemi a yi awon cikin minti goma da isa, da gwajin jini na troponin, wanda ke nuna ko naman zuciya ya ji rauni. Idan mutum ba ya da rashin jituwa da asfirin, ba ya kuma da olsa mai zubar jini, ana ba shi 300 mg ya tauna a hanya. Allurar narkar da gudan jini ta fi amfani a awa biyu zuwa uku na farko, bayan awa 12 kuwa amfaninta ya ragu ƙwarai.